Duwatsun Tafkin Bosumtwi

Wani lokaci da dare a kan ga wani abu kamar tauraro ya yanko da gudu, sa'an nan ya mutu. Wannan ba tauraro ba ne, dutse ne daga sararin sama. Yawancin irinsa ƙanana ne, su kan ƙone tun ba su iso ƙasa ba. Amma manya su kan faɗo.

A ƙasar Gana, kimanin mil 20 kudu maso gabas da Kumasi, birnin da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sayen goro, wani ƙaton dutse ya taɓa faɗowa. Masana sun ce an yi shekara wajen miliyan 1 da aukuwar abin.

In yaro ya jefa dutse cikin taɓo, sai wurin ya lotsa, gefe ya tashi, tsakiya kuma ta yi tsalle. Haka ya faru a nan. Ƙasa ta tsage, aka sami rami mai faɗin mil 6 da rabi, gefensa ya tashi ya zama duwatsu kewaye da shi. Tsakiyar ramin ma ta kumburo ta zama tudu. Ruwan sama ya yi ta taruwa har ramin ya zama tafki, laka kuwa ta binne tudun. A shekarar 2004 masana suka haƙa ƙarƙashin ruwan, suka ciro dutsen tudun nan suka duba.

Sunan tafkin Bosumtwi. Kurmi da gonakin koko da ayaba sun rufe duwatsunsa. Cikin ruwan akwai karfasa, ita ce abincin ƙauyukan da ke bakinsa. Bisa al'adar Asante, masunta ba su shiga da jirgi, sai su hau faskaren itace, suna tuƙi da hannu.

To, amma tafkin ba shi da mafita. Rafuka suna gangarowa cikinsa, ba kogin da ke fita. Saboda haka duk abin da ya shiga, ya zauna ke nan. In aka sare itatuwan kan duwatsu, ruwa zai kwashe ƙasa ya zuba cikin tafki, gona ta lalace, kifi ya ragu. Don a kiyaye wurin, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake tsaron halittunsu. Ashe itacen da ke bisa dutse shi ke tsaron kifin da ke cikin ruwa.