Metil buromaid

Metil buromaid, wanda ake kuma kira buromometan, iskar gas ce mai guba da ake turara wa kayan abinci da katako domin kashe ƙwari. Alamarsa ita ce CH3Br. Yana cikin sinadaran da ke liƙa wani ɓangare nasu, wato rukunin metil, a jikin furotin da ƙwayoyin gado na DNA, su ɓata aikinsu. Ta wannan hanya yake kashe ƙwaro, ta ita kuma yake cutar da mutum.

Siffofi

Ba shi da launi, kuma sai ya yi yawa ake jin warinsa. Yana tafasa a kusan digiri 4 na Salsiyos, don haka ake matse shi ya zama ruwa a cikin tukunyar ƙarfe. Nauyinsa ya ninka na iska fiye da sau uku, yakan kwanta a ƙasa da cikin ramuka. Akan haɗa shi da kuloropikirin mai sa hawaye, domin ma'aikata su ankara idan yana yoyo.

Amfani

A shekarun 1950 da 1960 an yi amfani da shi a dalar gyada ta Kano, inda ƙwaron kafra ke cinye gyadar da ke jiran jirgin ƙasa. Akan lulluɓe dalar da tamfol, a danne gefensa, sannan a saki gas ɗin ya ratsa buhunan. Maganin feshi iyakarsa bayan buhu, shi kuwa gas yana kaiwa har tsakiyar dala.

Haɗari

Babbar matsalarsa ita ce jinkiri. Mutum na iya shaƙarsa ya koma gida lafiya lau, sai bayan sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu, ciwon kai da amai da jiri su fara. Idan abin ya tsananta sai karkarwa da farfaɗiya, ruwa ya taru a huhu. Ruwansa kuma na ƙona fata idan ya maƙale cikin takalmi ko safar hannu.

Yana kuma lalata shimfiɗar ozon. An saka shi cikin Yarjejeniyar Montreal a 1992. Aka ba ƙasashe masu arziki wa'adin daina amfani da shi zuwa 2005, masu tasowa irin su Najeriya zuwa 2015, ban da turara kayan da za a fitar waje. Ƙwayar da 'yan kasuwar hatsi a Ƙaura Namoda da Shinkafi ke sa wa buhu wani sinadarin ne dabam, mai fitar da gas ɗin fosfin, shi ma yana kisa a ɗakin da aka rufe.