INJIN BUGA KAYAN ROBA: ƘIRGA YA KE YI, BA YA GANI

A shekarar 2005 ne wani malamin jami'ar Bath ta ƙasar Ingila, Adrian Bowyer, ya kafa shirin RepRap, domin kowa ya iya haɗa wa kansa injin da ke ƙera ƙananan kaya da narkakkiyar roba. Da haƙƙin mallakar wannan fasaha ya ƙare a hannun kamfanin Stratasys cikin 2009, sai farashi ya yi ta sauka, har kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da Ender 3 a 2018, wanda ya shiga gidaje da makarantu masu yawa. Zaren roba mai kaurin milimita 1,75 ne ke narkewa da zafin kimanin digiri 200, ya tsiyayo ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0,4, ya yi ta kwanciya bisa faranti, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar yadda magini ke ɗora tubali.

To, amma kukan masu injin nan kusan guda ne. Ko dai shimfiɗar farko ta ƙi kama faranti, ta dunƙule ta zama tarkace, ko bakin ya kafta cikin farantin ya bar masa tabo. Zare ya salwanta, aikin yini ya tafi a banza.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, wannan inji makaho ne. Bai san inda bakinsa ya ke ba, taku kawai ya ke ƙirgawa. A Ender 3, taku 80 ke ba da milimita guda a gefe da gefe ko gaba da baya, taku 400 kuma a hawa da sauka. Mai ƙirga kuwa sai da mafari. Shi ya sa aka kafa ƙananan maɓallan iyaka guda uku, ɗaya a ƙarshen kowace hanya. Kafin aiki, inji kan koma ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe wurin a matsayin sifili. In mafarin nan ya karkace, duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Ciwon maɓalli iri biyu ne, kowane da alamarsa. In inji ya kai ƙarshen hanya bai tsaya ba, ya yi ta gurnani yana dukan ƙarfe, to maɓalli bai ji taɓi ba: harshensa ya lanƙwashe, ko ya goce daga mazauninsa. Sai a kashe wuta nan take. In kuwa inji ya ƙi zuwa wajen maɓallin sam, ya ɗan matsa baya ya tsaya, to yana zaton ya riga ya iso. A yawancin injuna da gangan aka tsara haka, waya in ta katse ko ta zare daga makamarta sai a ɗauka an taɓa maɓalli, don kada a yi ɓarna. Injunan da ke aiki da tsarin Marlin suna da hanyar bincike mai sauƙi: a haɗa da kwamfuta, a aika da umarnin M119, zai faɗi halin kowane maɓalli. A danna da yatsa, a sake aikawa. In amsa ba ta sauya ba, an kama ɓarawo.

Sai maɓallai sun tabbata a ke juyawa ga faranti, ba kafin nan ba. Da yawa kan yi akasin haka, su kwana suna murɗa ƙusoshi huɗun da ke ƙarƙashinsa, alhali maɓallin hawa da sauka ne ke rawa a gindinsa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Kalmar daidaita faranti ma kan ruɗi mutane. Ba da ƙasan ɗaki a ke daidaita shi ba, ma'aunin magina ba shi da aiki a nan. Abin nema shi ne tazara ɗaya tsakanin baki da faranti a ko'ina. Sai a ɗumama farantin zuwa digiri 60, domin ƙarfe kan buɗe in ya ji zafi, a kankare busasshiyar roba daga bakin, sa'an nan a zura takardar biro, wadda kaurinta ya kai kimanin milimita 0,1. A murɗa ƙusa har takarda ta riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan. Kusurwa huɗu, sa'an nan tsakiya, kuma a kewaya sau biyu ko uku, don gyaran kusurwa guda kan taɓa sauran. In ƙusoshin sun yi sako-sako kafin faranti ya kai ga baki, gyaran ba zai kwana ba. Sai a matse su, a sauko da maɓallin kaɗan.

Wani lokaci kusurwoyi su yi daidai, tsakiya ta loɓa. Farantin ne ya banƙare. Wasu kan ɗora gilashi, amma wajibi ne su ɗaga maɓallin gwargwadon kaurinsa, in ba haka ba bakin zai sauka da ƙarfi bisa gilashin. Wasu kuma kan sayi ma'auni irin BLTouch na ƙasar Koriya ta Kudu, mai ɗan tsinke da ke taɓa faranti wuri-wuri, inji ya riƙe taswirar tudu da kwari ya riƙa bi. Abu ne mai amfani, sai dai ba ya matse ƙusar da ta kwance, kuma shi kansa sai an gaya masa tazarar da ke tsakanin tsinkensa da bakin.

A Maraɗi ko Damagaram akwai ƙarin abokin gaba, wato ƙurar hunturu. Tana kwanciya bisa faranti ta hana roba kamawa, mai inji ya zaci daidaito ne ya ɓaci. Kafin a taɓa ƙusa ko guda, a goge farantin da alkol, a kuma rufe injin da zane in ba ya aiki.