Ko Kun Sani? Tsohuwar Kwamfuta da Allon Zamani

Kwamfutocin gida irin su Commodore 64 da ZX Spectrum, waɗanda suka fito a 1982, akwatin talabijin ake jona musu ta ramin eriya. Shi ya sa in ka tono ɗaya daga kayan gwanjo a Kakuri ko Sabon Tasha, allon kwamfuta na yau ba zai nuna komai ba: layin hotonta sau 15,000 da ɗoriya yake zagayawa a daƙiƙa, allon VGA kuwa ninkin haka yake nema. Sai an sa ɗan akwatin da ke mayar da hoton zuwa HDMI.

Amma wuta ce abin tsoro. Kwamfutar Amurka bolt 120 take sha, wutarmu kuwa 230, jonawa ɗaya ta ƙone. Spectrum kuma tsakiyar bakin filoginta waya mai sanyi ce, saɓanin yawancin adaftan kasuwa. Taransifoman Commodore in ya tsufa yakan zarce bolt 5 ɗin da ya kamata ya bayar, ya kashe ƙwaƙwalwar injin. Don Allah a kai wa mai gyaran talabijin ya auna da mita tukuna.