Shan Mai a Bakin Iyaka: Ƙananan Matsaloli da Dabarun Direbobin Kongolam

A bakin direbobi, mota shan mai take yi, tamkar dabbar da aka kai mashaya. Aiki ne na 'yan mintoci idan komai ya tafi daidai, amma a garin iyaka irin Kongolam ba kullum yake tafiya daidai ba. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa a masarautar Daura, a kan hanyar da ta ƙetara ta Ɗan Barto zuwa Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Wannan matsayi nasa shi ne tushen yawancin wahalhalun da mai mota ke gamuwa da su a can.

Shekaru da dama tallafin gwamnati ya sa fetur ya fi araha a Nijeriya bisa ga maƙwabtanta, don haka fasa-ƙwaurinsa ya zama sana'a. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. An yi nufin 'yan fasa-ƙwauri ne, amma manomi mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa da direban haya su ma sun ji a jikinsu, domin sai mutum ya ƙona mai kafin ya kai inda zai sayi mai. Bayan cire tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Daga nan sai kowane ɗigo ya zama abin lissafi.

A gidan mai, abu na farko da gogaggen direba yake yi shi ne ya kashe inji, ya fito, ya tabbatar mita ta koma sifiri kafin a sa masa tiyo a tanki. Wanda ya zauna a kujera yana hira yana iya biyan kuɗin man wanda ya gabace shi. Wasu kuma idan sun yi zargin famfo na tauye mudu, sukan sa a fara zubawa a galan ɗin da suka san awonsa. Akwai kuma rashin canji, da ɗaukewar wuta wadda kan tsayar da layi har sai an tayar da janareta, da tura kuɗi ta waya ya maƙale saboda raunin sabis, kamar yadda aka sha fama a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Maganin waɗannan bai wuce riƙe ƙananan kuɗi da guje wa ranar cunkoso ba, musamman Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci.

Inda aka fi bukatar lura shi ne wajen 'yan bumburutu, wato masu sayar da mai a galan da jarka a bakin titi. Ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro, domin sau da yawa su ne ke ceton matafiyin da mai ya yanke masa da dare. Sai dai man da ya bi ta jarka bayan jarka yakan kwashi ƙura da ruwa, wani lokaci ma a yi masa algus da kananzir. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin galan. Shi ya sa mai hankali ba ya bari a juye masa galan har ƙarshe ba tare da ya duba ba. Yakan kuma ɗiga kaɗan a bayan hannunsa: tsantsar fetur nan take yake bushewa ya bar sanyi, wanda aka gauraya kuwa yakan bar maiƙo. Sannan a shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakin mazurari don tace datti. Wanda ya yi sakaci zai ji mota tana shaƙewa a hanya, ya ƙare a wurin bakanike ana wanke masa kafireto ko famfon mai, ya biya ninkin abin da ya yi tsammanin ya rage.

Wani kuskuren da tsada ta jawo shi ne shan mai kaɗan-kaɗan, ana tafiya kullum allura na kan ja. Famfon mai na yawancin motocin zamani a cikin tanki yake, kuma man ne ke sanyaya shi, don haka yawan barin tanki ba kowa yana rage masa kwana. Direbobin da suka san hanyar sukan cika tanki tun daga Daura, inda gidajen mai suka fi yawa, su isa Kongolam da abin da zai kai su ya kuma komo da su.