Waken da Aka Jiƙa Tun Dare

A gidan da na taso, kakanmu ya rasu ya bar 'ya'ya maza huɗu da tsakar gida guda. Da aka raba gado, kowa ya ja katanga ya kewaye sashensa. Rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa babba, dutsen niƙa ya faɗa namu, ƙofar da ke fita bakin titi kuwa ta zama ta autansu. Dattawa suka zauna a zaure suka yanke cewa a bar 'yar ƙofa a jikin kowace katanga, yara su riƙa wucewa, kada zumunci ya yanke. Aka shafa fatiha, aka watse.

Matan gidan duk masu sana'a ne. Innata ƙosai take toyawa, matar Baffa tana matsar man gyaɗa, Goggo tana dama koko. Kowace kasuwar 'yar'uwarta ce: mai ƙosai na sayen mai, mai koko na jawo masu sayen ƙosai. Amma duk ranar da mazan suka sami saɓani, ko da a kan akuya ce ta ci shanya, sai a wayi gari an datse 'yar ƙofar nan da kwado. Inna kuwa ta riga ta jiƙa wakenta tun dare, kuma waken da ya sha ruwa ba ya komawa buhu.

Wannan gida nake tunawa duk lokacin da aka tayar da maganar ciniki tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma. Mu ma gado aka raba mana, sai dai Ingila da Faransa ne suka ja katangar. Ita ce ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Illela da Ƙonni, mutanen da harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro. Nijar, Mali da Burkina Faso suka tashi ba su da ƙofar bakin titi, wato teku, sai sun ratsa ta Kwatano, Lome, Tema ko Abijan.

Zaman zaure kuwa an yi shi, har an maimaita. A 1975 aka kafa ƙungiyar ƙasashen yankin, ECOWAS, a Legas. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga ta maƙwabta ba tare da biza ba. A 2015 aka fara aiki da harajin kwastan na bai ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje. A farkon 2021 aka buɗe kasuwar bai ɗaya ta Afirka baki ɗaya, mai hedikwata a Akara. A takarda babu abin da ya rage. Duk da haka, a lissafin hukuma, cinikin da ƙasashen yankin ke yi a tsakaninsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dukan cinikinsu ba.

Ina gizo ke saƙar? Mu koma gidanmu. Ko ranar da ƙofa take buɗe, akwai samarin gida da ke zama a bakinta. Yarinya ta zo wucewa da farantin talla, wannan ya ɗauki ƙosai ɗaya, wancan ya ɗauki biyu. Kafin ta kai titi riba ta tafi. Tambayi direban da ya ɗauko albasar Galmi zai kai Akara ko Abijan, zai lissafa maka shingaye: na kwastan, na 'yan sanda, na jandarma, na ƙaramar hukuma, kowanne da na goronsa. Takardunsa cikakku ne, amma wanda ya tsaya gardama sai a ce ya faka gefe. Albasa ba ta jiran gardama. Kwana biyu a rana cikin buhu, ta fara ruwa.

Sai maganar awo. A gidanmu tiyar matar Baffa ta fi ta Inna zurfi, kullum sai an yi ciniki biyu, na kaya da na mudu. Haka Bakano da ya kai kaya Maraɗi yake fama: ya saya da naira, ya sayar da sefa, ya bi ta hannun ɗan canji. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, naira da sidin Gana kuwa suna hawa da sauka. Mutum zai iya cin riba a kasuwa ya yi asararta a wurin canji. Kuɗin bai ɗaya da aka raɗa wa suna Eko an sha sa masa rana ana ɗagawa, daga 2020 aka koma 2027.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zurfi. Da a ce matan gidanmu huɗu duk ƙosai suke toyawa, wa zai sayi na wani? Najeriya ɗanyen mai take fitarwa, Gana da Kodebuwa kokon cakulan, Mali da Burkina zinariya da auduga, Nijar yuraniyom, kuma masu saye galibi suna ƙetaren teku. Hanyoyin jirgin ƙasa da Turawa suka shimfiɗa ma haka suka fuskanta, daga cikin ƙasa zuwa gaɓa: Kano zuwa Legas, Faraku zuwa Kwatano. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi sai a 2021 aka aza harsashinsa.

Amma duk cikin cikas ɗin nan babu kamar kwado. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Ba za a ce ba ta da hujja ba. Shinkafar Tailan da Indiya ce ake saukewa a Kwatano, a sulale da ita cikin Najeriya, manomin Kebbi yana kallo. Kamar matar da za ta sayo mai a kasuwa ta juye a kwalabenta ta ce ita ta matsa, don ta ci rangwamen 'yan gida. Laifi ne. Sai dai kwado bai san mai laifi ba, ya tare mai shinkafar waje, ya tare mai wake da mai shanu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar lantarki, motoci suka yi jerin gwano a garuruwan iyaka na Malanbil da Jibiya. Sai a Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage wannan takunkumi. A Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Ciniki dai bai tsaya ba. A gidanmu, idan an kulle ƙofa, ta saman katanga ake miƙa kwalbar mai, wani lokaci ta suɓuce ta fashe. A kan iyaka babura ne ke bin daji da dare. Kaya na wucewa, farashi ya ninka, gwamnati ba ta ga haraji ba, ɗan fasa-ƙwauri da mai tsaron hanya su ne suka ci kasuwa.

Asarar da ta fi ciwo kuwa ba ta shiga lissafin kowa. Bayan an datse wa Inna ƙofa sau uku, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai rage awo. Mai jiƙa tiya biyu ta koma rabin tiya, daidai abin da sashenmu zai cinye ko an kulle. Babban kaskon da ta yi niyyar saye ta fasa. Haka mai kuɗin da ya so kafa masana'antar sarrafa tumatir ko ta fata don ya sayar daga Kano har Yamai da Wagadugu yake tunani. Zai iya jure haraji, zai iya sa na goro cikin lissafi, amma ba zai zuba dukiyarsa a kan ƙofar da fushin shugabanni ke iya rufewa cikin dare ɗaya ba.

Daga baya mazan gidanmu sun shirya, an cire kwado, har an yi auren zumunci tsakanin sassan. Inna ta yi murna, ta yi rawa a bikin. Amma har ta bar sana'a, rabin tiya take jiƙawa.