Hoto Ya Fito Tsaf, Murya Kuwa Sai An Kasa Kunne

Mai ɗaukar bidiyon tafsiri ko walima da waya yakan tsaya nesa da mai magana, shi ya sa murya take fitowa ƙasa-ƙasa.

Ƙara sauti a manhajar VLC mai kallo kawai yake taimaka wa, fayil ɗin yana nan yadda yake. Gyara na gaske sai an kai sautin Audacity, manhajar kyauta da ke buɗe MP4 idan an haɗa mata wata manhaja mai suna FFmpeg.

A nan ne aka fi yin kuskure. Da an ɗaga sauti tun farko, rugugin janareta da kukan fanka sai su taso tare da muryar. Kamata ya yi a fara zaɓar daƙiƙa biyu inda kowa ya yi shiru, manhajar ta gane hayaniyar ta rage ta, amma a hankali, don in an matsa murya takan shaƙe. Sannan a rage tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu, a ɗaga sautin har ƙololuwarsa ta tsaya a desibel 1 ƙasa da sifili. In ta haye sifili, murya takan fashe.

FFmpeg ɗin dai shi zai mayar da sautin kan hoton ba tare da ingancin bidiyon ya ragu ba.