SARARIN SAMA MA YANA DA BURTALI

A ƙasar Damargu tafiya tana da nisa. Daga ƙauyukan Falanko zuwa Tanut, ko zuwa rijiyoyin makiyaya na wajen Balbaji, mutum yakan wuce wurare da dama inda salula ba ta kamawa. Don haka ƙaramar rediyon nan ta hannu, mai ji kuma mai aika magana, wadda ake ce wa oba-oba, take da farin jini wajen makiyaya da direbobi da masu fatauci. Ba ta cin kuɗin kira. Batir kawai take bukata, shi kuwa rana tana cika shi.

Amma akwai wata magana da ke yawo a bakin jama'a. Wai in aka kai rediyon wurin mai gyara ya "buɗe" ta, za ta kai magana nesa fiye da yadda aka ƙera ta. Wannan zance ba gaskiya ba ne, kuma yana iya jawo wa mutum asara da wahala.

Mene ne buɗe rediyo?

Kowace rediyo tana da iyakar layukan da take aiki a kansu. Ana auna su da ma'aunin da ake kira megahaz. Tashoshin FM suna tsakanin 87,5 da 108. Matuƙan jirgin sama suna magana tsakanin 118 da 137, kuma an keɓe musu 121,5 don neman agaji in hatsari ya taso. Ƴar rediyon Baofeng UV-5R, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fito a 2012 ta cika kasuwannin duniya, tana aiki daga 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama.

Maƙera sukan sa wa rediyo takunkumi don kada ta wuce iyakarta. Mai gyara yakan cire wani ɗan ƙarfe a cikinta, ko ya canza mata tsari da kwamfuta. Abin da ya yi shi ne ya kwance takunkumin. Ya ƙara mata layuka, amma bai ƙara mata nisa ba ko da taki ɗaya.

Abin da ke kai magana nesa

Maganar irin wannan rediyo tana tafiya miƙe ne, kamar hasken tocila. Tudun rairayi yana tare ta. Doron ƙasa ma yana tare ta. Mutum biyu da ke tsaye a fili, kowa da tasa a hannu, da wuya su wuce kilomita 10 suna jin juna, sau da yawa ma ba su kai haka ba. In ɗaya ya ɗaga eriyarsa bisa sanda mai tsawon mita 10, nisan yana iya kusan ninkawa. Ke nan tsawo shi ne magani: a hau tudu, a ɗaga eriya, a cika batir.

Manyan rediyoyin da hukuma ta daɗe tana aika saƙo da su daga gunduma zuwa Yamai wani iri ne dabam. Suna aiki a gajeren zango, tsakanin megahaz 3 da 30. Maganarsu takan hau sama ta dawo ƙasa can nesa, kuma suna bukatar doguwar waya. Babu gyaran da zai mai da ta hannu ta zama irinsu. Jaki ko an ɗaura masa sirdi ba ya zama doki.

Asara ta farko

Ana yanka eriya daidai da layin da za ta yi aiki a kai. Ta megahaz 145 tana da kamar santimita 50, ta 435 kuwa kamar 17. In aka tura magana a layin da bai dace da eriyar ba, ƙarfin wutar ba ya fita duka. Wani yakan komo cikin rediyon ya zama zafi. A zafin bazara na Damargu, ɗan ƙarfen da ke tura magana yana iya ƙonewa. Sai a wayi gari rediyo tana ji amma ba ta aikawa, kuɗin tunkiya sun tafi a banza.

Asara ta biyu, wadda ta fi girma

Manomi da makiyayi sun san darajar burtali. Dokar karkara ta 1993 ta tabbatar da shi, don kada garke ya faɗa gona, kada kuma gona ta cinye hanyar garke. To, sararin sama ma haka aka raba shi. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, wadda aka kafa a 1865, mai mazauni a Janeba, ita ce ke shata manyan iyakoki. A Nijar kuwa hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ke raba layuka, ita ke ba da izinin amfani da su.

Wanda ya ƙetare iyakarsa ya shiga gonar wani, kuma bai san gonar wa ya shiga ba. Tana iya zama ta jami'an tsaro. Tana iya zama ta motar asibiti da aka kira don mace mai naƙuda. In murya biyu suka haɗu a layi ɗaya, mai ƙarfi takan danne mai rauni. Mai hira bai ji komai ba, alhali can wani yana kira ba a jin sa.

Ga kuma abin mamaki. Rediyon da ta kasa kaiwa Tanut, jirgin da ke sama yana iya jin ta, domin babu tudu tsakaninsu. Jirgin da ya yi nisan mita 10.000 a sama yana kama abin da ke fitowa daga nisan kilomita ɗari huɗu. Ita kuwa rediyon da aka kwance wa takunkumi takan fantsama ƙara har kan layukan da mai ita bai taɓa ba.

Bayan haka, a wannan zamani na rashin tsaro, wanda aka samu da rediyo tana magana a layin soja ko na jandarma zai sha tambaya. Ko da zuciyarsa fari ce, ya jawo wa kansa zargi.

Abin da ya kamata

Ƙungiyar makiyaya ko ta manoma da ke son yin aiki da oba-oba, sai ta fara zuwa wurin magajin gari ko prefe, a nuna mata hanyar neman izini. In an ba ta layi, kowa ya tsaya a kansa. A taƙaita magana, a bar wa mai lalura wuri. Kuɗin da za a ba mai gyara, gara a sayi eriya mai kyau da doguwar sanda, a kafa bisa tudun gari inda kowa zai amfana.

Masu gyara su ma su ji tsoron Allah, su gaya wa jama'a gaskiya. Kowa ya tsaya a burtalinsa, sai a zauna lafiya.